Magani Ya Ƙare, Jinya Ba Ta Ƙare Ba

Akwai wata magana da ake yawan ji a asibitocin ƙasar nan, wadda duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa mai tsananin ciwo ya san nauyinta. Likita yakan ja dangi gefe, ya sassauta murya, ya ce an yi iyakar ƙoƙari, sai a koma da mara lafiya gida a ci gaba da addu'a. Sau da yawa gaskiya likitan ya faɗa, domin akwai cutar da ta fi ƙarfin magani, kamar ciwon daji da ya riga ya bazu a jiki, ko ƙoda da hanta da suka daina aiki. To, amma daga wannan rana zuwa ranar da rai zai yi halinsa, wadda takan kai mako biyu ko wata uku, wane ne ke da alhakin wannan bawan Allah? A yawancin gidaje amsar ita ce matarsa, ko 'yarsa, ko gyatumar da ta haife shi, waɗanda za su kwana suna jin nishinsa, ba su da abin ba shi sai farasitamol da tofi da sannu.

A ƙasashe da dama an mai da jinyar irin waɗannan mutane sana'a mai zaman kanta, da makarantunta da ƙa'idodinta, har da gidaje na musamman waɗanda Turawa ke kira hosfis. Asalin sunan kuwa na masaukin baƙi ne. A zamanin da, Kiristoci masu zaman zuhudu sukan gina masaukai a kan hanyoyin masu ziyarar ibada a Turai, inda gajiyayye zai sauka ya ci abinci, mara lafiya ya sami mai kula da shi, kamar dai yadda fatake ke yada zango kafin su ci gaba da tafiya. Watau tun daga sunan an ɗauki mai mutuwa a matsayin matafiyin da ya kusa isa gida. Babu amfanin ɓoye cewa wannan sana'a a gindin addinin Kirista ta tsiro. Abin nazari shi ne yadda aka yi imanin masu ita ya zama alheri ga majinyata na kowane addini, domin ba kowane imani da ya shiga ɗakin mara lafiya ne ke zama alheri ba. Tarihin sana'ar ya nuna sharuɗɗa biyu. Dole imanin ya haɗu da gwaninta, dole kuma ya kame daga farautar mabiya a bakin gadon mutuwa.

Mata ne suka fara aikin. A birnin Liyon na Faransa, wata baiwar Allah mai suna Jeanne Garnier, wadda ta rasa mijinta da 'ya'yanta biyu tun tana da shekara 24, ta tara matan da suka rasa mazajensu kamarta cikin 1842, suka buɗe gida don matan da asibiti ya sallama da cutar da ba ta warkewa. Cikin 1879 wasu sistocin Katolika suka buɗe irinsa a Dabilin, babban birnin Ailan, sa'an nan cikin 1905 'yan ƙungiyarsu suka kafa gidan St. Joseph a wata unguwar talakawa ta gabashin Landan, inda tarin fuka da ciwon daji ke kashe mutane a ɗakunan haya. Waɗannan gidaje sun ba majinyata gado mai tsabta, da abinci, da addu'a, da hannun da zai riƙe nasu. Abin da ya yi musu ƙaranci shi ne ilmin da zai kashe zogin ciwo.

Wadda ta haɗa wannan tausayi da ilmin likita ita ce Cicely Saunders, Baturiyar Ingila da aka haifa cikin 1918. Ta bar karatu a Jami'ar Oxford lokacin yaƙin duniya na biyu ta koyi aikin nas a Asibitin St. Thomas na Landan, amma ciwon baya ya hana ta ci gaba, sai ta koma aikin kula da matsalolin gida da na kuɗi na marasa lafiya. Cikin 1945 ta rungumi addini da gaske bayan ta yi shekaru tana shakka. A farkon 1948 ta riƙa ziyartar wani Bayahude baƙo daga ƙasar Folan, David Tasma, ma'aikacin wani gidan abinci, wanda ciwon daji ya kwantar yana da shekara 40, ba shi da dangi a Ingila. Suka yi ta hira a kan irin gidan da ya kamata mutum kamarsa ya ƙarasa kwanakinsa a ciki. Da ya rasu ya bar mata fam 500, ya ce shi zai zama taga a gidan da za ta gina.

Wani likitan fiɗa da take aiki da shi ya ba ta shawara cewa idan tana son a saurare ta, ta je ta zama likita, domin a ganinsa likitoci ne ke gudun masu mutuwa. Ta koma aji cikin 1951 tana da shekara 33, ta fito likita cikin 1957, shekara ta zagayo ta kama aiki a gidan St. Joseph tare da sistocin nan.

Abin da ta sauya a can yana da sauƙin faɗi. Akwai magani mai ƙarfi da ake samu daga tsiron ofiyom, wanda ake kira mofin. Al'adar asibitoci a wancan lokaci ita ce a jira sai mara lafiya ya yi kuka kafin a yi masa allurarsa, don tsoron kada ya saba da shi. Saboda haka ranar mara lafiya ta zama azaba, da roƙo, da allura, da magagi, sa'an nan fargabar dawowar azabar. Ita kuwa Saunders ta taɓa gani, a wani gidan jinya inda ta yi aikin sa kai, yadda nas-nas ke ba da maganin ta baki a kan lokaci. Sai ta mai da wannan ƙa'ida: a ba shi kowane awa 4, ko ya nema ko bai nema ba, a kuma daidaita awon ga kowane mutum har a sami wanda zai kashe zogin ba tare da ya gusar da hankali ba. Mutanen da aka saba ganinsu a dunƙule suna nishi suka tashi zaune, suka ci abinci, suka yi hira da iyalinsu. Ba ta tsaya ga abin da ido ya gani ba. Ta rubuta bayanin majinyata 1,100 dalla-dalla, ta ɗauki muryoyin wasu a rakoda, domin ta san likitoci ba za su karɓi labari ba sai da hujja.

Daga sauraron majinyatan ne ta gano abu na biyu, wanda ta bayyana a rubuce cikin 1964, cewa azabar mai mutuwa ba ta jiki kaɗai ba ce. Akwai ta zuciya, watau tsoro da baƙin ciki. Akwai ta iyali da abin hannu. Akwai kuma ta ruhi, watau tambayar da mutum ke yi wa kansa game da abin da ya shuka da inda za shi. Magidancin da ke kwance yana tunanin kuɗin makarantar 'ya'yansa, da bashin da ke wuyansa, da ƙanen da suka yi shekara goma ba sa ga-maciji da juna, ko an ninka masa magani ba zai runtsa ba sai an sami mai zama ya saurare shi. Wannan kuwa aikin nas ne fiye da na kowa, domin likita zagaye yake yi ya wuce, ita ce ke nan da ƙarfe uku na dare.

Shekara 19 bayan rasuwar Tasma, watau cikin 1967, aka buɗe gidan St. Christopher a kudancin Landan da gado 54, aka haɗa jinya da koyarwa da bincike a wuri guda, aka kuma sa tagar nan a kusa da ƙofar shiga. Cikin 1969 nas-nas na gidan suka fara bin majinyata har gidajensu. Amurka ta sami irin wannan aiki cikin 1974, Kanada cikin 1975, sa'an nan cikin 1987 Ingila ta amince da shi a matsayin fanni mai zaman kansa a ilmin likita.

To, mene ne imani ya yi a cikin wannan duka? Ya amsa wata tambaya da ilmi bai iya amsawa ba. Abin alfaharin asibiti shi ne wanda ya shigo a kwance ya fita da ƙafafunsa. Me zai sa ma'aikaciya ta ɓata darenta a kan wanda kowa ya san ba zai tashi ba, ta juya shi don kada bayansa ya yi gyambo, ta wanke shi, ta jiƙa masa leɓe? Amsar Saunders ita ce darajar ɗan Adam daga Mahaliccinsa take, ba ta raguwa don ya daina amfanar kowa. Takan kafa hujja da labarin da Linjila ta bayar na daren ƙarshe a lambun Getsamani, inda Yesu Almasihu, cikin tsananin baƙin ciki, ya roƙi almajiransa uku su zauna a faɗake tare da shi, barci kuwa ya kwashe su. A fahimtarta, bai nemi su cece shi ko su yi masa bayani ba, zama kawai ya nema, kuma wannan shi ne roƙon kowane mai mutuwa. A kan wannan imani ne kuma ta yi tsayin daka har ƙarshen ranta wajen ƙin yarda a ba likita izinin ɗauke ran mara lafiya, abin da Holan da Beljiyam suka halatta cikin 2002, Kanada kuma cikin 2016. Takan ce mafi yawan masu roƙon mutuwa azaba da kaɗaici suke gudu, kuma duka biyun suna da magani.

Amma kyakkyawar niyya ba ta isa ba, kuma akwai misali sananne. Cikin 1952 Uwa Teresa ta buɗe gidan masu mutuwa a birnin Kalkata na Indiya, ta riƙa kwaso waɗanda aka yar a bakin titi. Babu mai musun sadaukarwarta. Sai dai cikin 1994 editan mujallar likitoci ta Lancet, Dokta Robin Fox, ya ziyarci gidan, ya yaba tsabta da kirkin ma'aikatan, amma ya rubuta cewa ba a tantance cututtuka yadda ya kamata, kuma babu magunguna masu ƙarfi na kashe zogi, ya ce wannan ne ya raba gidan da irin aikin da Saunders ta kafa. Darasin a fili yake ga kowace ɗalibar jinya mai riƙo da addini. Nas ɗin da ta iya addu'a amma ba ta iya lissafin awon magani ba, ta bar mara lafiya da rabin ciwonsa. Karatun sana'a wani ɓangare ne na ibadarta.

Sharaɗi na biyu ya fi na farko wuyar kiyayewa. Wanda ke kwance a gadon mutuwa ba shi da ƙarfin cewa a'a. Mai ba shi ruwa, mai kawo masa tasa, mai riƙe da makullin maganinsa, idan ta buɗe masa littafinta, kunya da tsoro za su sa ya gyaɗa kai, wannan kuwa ba shi ne yarda ba. Saunders ta gane haka. Ta daɗe tana tunanin ko ta mai da gidanta ƙungiyar masu zuhudu, daga baya ta yanke shawarar a kafa shi a kan addinin Kirista amma ƙofarsa a buɗe ga mai kowane addini da wanda ba shi da ko ɗaya, majinyaci ne ko ma'aikaci. Shi kansa Tasma, wanda kuɗinsa ne harsashin gidan, ya rasu ne a Bayahude, bayan ya ce ya shirya da Ubangijin kakanninsa. Matar da ta zauna kusa da shi tana cikin zafin sabon imani, amma ta bar shi ya koma ta hanyar da ya sani.

A nan ne maganar ta shafi Arewa kai tsaye. Asibitocin mishan irin na Wusasa kusa da Zariya, da na Vom a Filato, da na Galmi a Jamhuriyar Nijar, da asibitocin kutare da 'yan mishan suka riƙe a lardunan Kano da Katsina da Sakkwato tun shekarun 1930, sun yi wa ɗimbin jama'a magani a lokacin da Gwamnati ba ta kai ko'ina ba. Duk da haka a zukatan Musulmi da yawa an bar zargin cewa a bayan maganin akwai tarko, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Yau a asibitocin Gwamnati Kirista na jinyar Musulmi, Musulma na jinyar Kirista, dare da rana. Hanyar kashe zargin ita ce aiki. Nas Kirista da ta ga Musulmi ya shiga gargara, ta yi maza ta kira dangi ko malami su laƙƙana masa kalmar shahada, ta taimaka a fuskantar da shi alƙibla. Nas Musulma da ta ga ɗan Katolika ya kusa, ta aika a kira fada ya shafa masa mai, in kuwa ɗan wata ɗarika ne a kira fastonsa. Addu'arta ta kanta ta yi a zuci, sai fa in an roƙe ta ta yi a fili. Wannan ba ya rage wa kowa imani.

Wani zai ce wannan duk matsalar Turawa ce, su da ke kai tsofaffinsu gidajen ajiya, alhali a nan zumunci bai mutu ba. Akwai gaskiya a ciki, kuma babu mai hankalin da zai so a raba mai mutuwa da ɗakinsa da jikokinsa. Amma zumunci ba ya kashe zogin ciwon daji da ya shiga ƙashi. Shi ya sa da sana'ar ta iso Afirka, inda aka fara ta a Zimbabuwe cikin 1979, sai ta ɗauki siffar bin gida gida. Misalin da ya fi kusa shi ne na Yuganda. Dokta Anne Merriman, 'yar Ingila wadda ta fara aikin likita tana sistar Katolika, ta kuma yi shekaru a asibitocin mishan na kudancin Nijeriya, ta kafa irin wannan aiki a Kamfala cikin 1993. Ta kawo dabarar dama garin mofin da ruwa a zuba a kwalba, a sa masa launi don a bambanta mai ƙarfi da mara ƙarfi, ta yadda dangi za su iya ba da shi a gida bisa awon da aka nuna musu, a kan kuɗi kaɗan. Cikin 2004 Gwamnatin Yuganda ta ba nas-nas da suka sami horo na musamman izinin rubuta maganin, saboda likitoci ba su kai ƙauyuka ba. Merriman ta rasu a Kamfala cikin 2025, aikin kuwa yana nan.

Wani kuma zai ce ciwo jarrabawa ce, kuma haƙuri da shi kankarar zunubi ne. Addinan biyu duk sun girmama haƙuri, amma duk sun halatta neman magani. Ban da haka, sai a dubi abin da addini ke so mutum ya yi kafin ya cika: ya yi wasiyya, ya faɗi bashin da ake binsa da wanda yake bi, ya nemi gafarar waɗanda ya ɓata wa, ya sa wa 'ya'yansa albarka, ya ambaci Ubangijinsa. Wanda azaba ta hana shi sanin inda kansa yake, yaya zai yi ko ɗaya daga cikin waɗannan? Kashe zogi shi ke mayar wa mutum da hankalin da zai shirya tafiyarsa.

Tsoro na uku shi ne na hukuma, kuma ba na banza ba ne. Arewa ta ga abin da kodin da tiramol suka yi wa matasa da matan aure, har Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin cikin 2018. Jami'in da ya ga wannan, in an ce ya sa hannu a kan takardar sayen mofin, dole gabansa ya faɗi. Sai dai laifin mashaya bai kamata ya faɗa kan tsohuwar da ciwon nono ya cinye ba. Yarjejeniyar ƙasashen duniya ta 1961 kan miyagun ƙwayoyi, wadda ita ce ta kafa dokokin tsaro, ita da kanta ta ce tilas a tanadi waɗannan magunguna don rage wa marasa lafiya azaba. Maganin sata shi ne makulli da rajista da sa hannu da mai duba rajistar.

Girman bukatar kuwa ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kowace shekara mutum miliyan 56.8 ke bukatar irin wannan jinya, amma kashi 14 cikin ɗari kawai ke samu. Wani kwamitin masana da mujallar Lancet ta kafa ya bayyana cikin 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi ɗaya cikin ɗari na mofin da ake rabawa. Babban taron hukumar ya yanke shawara cikin 2014 cewa kowace ƙasa ta sa wannan jinya cikin tsarin lafiyarta. A Nijeriya, Asibitin Koyarwa na Ibadan ya buɗe sashenta cikin 2007, abin da ya nuna ba gagara ta yi ba.

Saboda haka ya kamata ma'aikatun lafiya na jihohi su tabbata akwai mofin na sha a kowane babban asibiti, tare da ma'aikatan da aka horar su ba da shi su kuma riƙe lissafinsa. Ya kamata makarantun koyon jinya su sa darasin jinyar ƙarshen rai cikin manhaja, har da yadda ake faɗa wa dangi gaskiya ba tare da an karya musu zuciya ba. Ya kamata kowane babban asibiti ya ware nas biyu ko uku da abin hawa, waɗanda za su riƙa bin waɗanda aka sallama gida, domin kalmar sallama ta daina zama yankewar alaƙa. Ya kamata kuma a rubuta doka a fili, a manna a kowane ɗakin kwanciya, cewa addinin mara lafiya shi ake bi a bakin gadonsa, a ajiye lambar limami da ta fasto da ta fada kusa da ta likitan da ke kan aiki. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar sabon gini.

Ita Cicely Saunders, ciwon daji ne ya yi ajalinta cikin 2005, tana da shekara 87, a gidan nan da ta gina, a hannun nas-nas da aka horar bisa ƙa'idodinta. Akawun da fayil ɗin sayen magani ke kan teburinsa a yau, da ɗalibar da ke shirin jarrabawar jinya, su tuna cewa gadon da suke gyarawa wata rana su ko nasu ne za su kwanta a kai. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya sa kowa ya cika da kyau da imani.